Kafin a Yi Mana Romon Baka da Ayyukan Amsa Waya

A watan Maris na 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya je Gombe ya ƙaddamar da wani shiri na jawo ayyukan kamfanonin ƙetare zuwa Najeriya, irin waɗanda ake yi daga nesa ta waya da kwamfuta. Kafin nan, a ƙarshen 2023, Ma'aikatar Sadarwa ƙarƙashin Dokta Bosun Tijani ta fito da shirin 3MTT da alkawarin horar da matasa miliyan uku a fasahar zamani. Tun daga lokacin, batun cibiyoyin amsa kiran waya ya zama gishirin jawabin 'yan siyasa, kuma da yake kakar zaɓe na tafe, za a ƙara jin sa. Magidancin Bodinga ko na Shagari da ya sayar da hatsi da tumaki ya kai ɗansa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yau ga takardar digiri a akwati ga yaron a zaune, yana da haƙƙin sanin abin da ke cikin wannan alkawari kafin ya yi tafi.

Mu fara da abin da babu jayayya a kansa. Amsa kiran abokan cinikin kamfani, a saurari kokensu a warware musu matsala, sana'a ce ta halal. A wannan zamani na tsadar rayuwa ba mai hankalin da zai raina aikin da zai ciyar da gida, kuma 'yan Arewa da suka buɗe irin waɗannan cibiyoyi a Abuja da Kaduna suka ɗauki matasa sun cancanci yabo. Abin da muke ja da shi shi ne a ɗauko wannan aiki a kambama shi, a nuna wa jama'a kamar shi ne magajin masana'antun da Arewa ta rasa.

Wanda ya san Kano ta da ya san abin da aka rasa. A Bompai da Sharaɗa da Challawa ana saƙa tufafi, ana jima, ana tatsar man gyaɗa, ana yin takalma da alewa da kayan roba. A Kaduna masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya har unguwar Kakuri ta zama gari guda na ma'aikata. Ƙarfin masaƙa ya wuce albashin waɗanda ke cikinta. Tana sayen audugar manomin Funtuwa da na Gusau, tana ba mai gurzar auduga aiki, direban babbar mota ya samu lodi, makaniki ya samu injin gyarawa, mai tuwo a bakin ƙofa ta samu ciniki, ɗan Kantin Kwari ya samu haja. Karyewar darajar naira bayan shirin SAP na 1986, da rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da kwararowar atamfar fasa-ƙwauri daga Asiya, su suka taru suka durƙusar da yawancin masaƙun. Da injin ya tsaya, duk wannan jerin mutane suka tsaya tare da shi.

Cibiyar amsa waya ba ta da irin wannan jijiya a cikin ƙasa. Ba ta sayen auduga, ba ta sayen fata. Jarinta ɗaki ne mai sanyi da kwamfutoci da intanet da matasa masu jin Turanci. Abin da ke kawo kamfanin Amurka ko na Ingila ya ba da aikin a nan shi ne arahar ƙwadago. Mafi ƙarancin albashi da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wanda a canjin wancan lokaci bai kai dala 50 ba. Arahar da ta kawo aikin ita ce kuma za ta ɗauke shi ranar da aka samu inda ya fi araha. An ga haka a Ingila: garuruwa irin su Sandalan, inda aka rufe ma'aikatun ƙera jiragen ruwa a ƙarshen shekarun 1980, sun samu cibiyoyin amsa waya aka yi ta murna, amma a farkon shekarun 2000 kamfanonin Birtaniya da dama suka riƙa kwashe irin wannan aiki zuwa Indiya. Yanzu kuma a Indiya da Filifin, inda harkar ta fi ƙarfi a duniya, fargabar da ake ciki ita ce manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambayoyin abokan ciniki ba tare da mutum ba.

Addininmu ya ba mu ma'aunin da za mu auna irin wannan alkawari, kuma ɗaliban zaure sun san shi. A babin ijara na Risala, Ibn Abi Zaid ya shardanta cewa a yanke wa aiki wa'adi, a kuma ambaci ladansa. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya yi umarni da a biya ma'aikaci haƙƙinsa tun guminsa bai bushe ba. Suratus Saff ta yi kakkausan gargaɗi ga masu faɗin abin da ba sa aikatawa. In haka ne, ɗan siyasar da ya hau mumbari ya ce ya samar da ayyuka dubu kaza, bai gama magana ba sai ya faɗi albashin nawa ne, kwangilar ta wata nawa ce, kuma mutum nawa ne har yanzu ke bakin aikin bayan shekara guda. Lissafa wanda aka horar na mako shida a matsayin wanda aka ba aiki, algus ne a cikin magana, kuma hukuncin algus sananne ne ko a mudu aka yi shi ko a alƙaluma.

Dokar ƙasa ma tana da ƙofofin da ya kamata iyaye su sani. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka nan ba ta shafi masu aikin wucin gadi na 'yan awoyi ko waɗanda ake biya da kamasho ba. Dokar ƙwadago kuwa ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Matashin da zai bar Shagari zuwa Kano ko Abuja ya zauna ya cire kuɗin haya da na mota da na abinci daga albashin, ya ga abin da zai rage ya aika gida. Ya tambayi lokutan aikin, domin mai yi wa kamfanin gabashin Amurka hidima yana da tazarar awa biyar zuwa shida tsakaninsa da su, ke nan aikinsa na yamma ne zuwa tsakar dare. Ina zai yi sallolinsa? Idan mace ce, wa ya ɗauki nauyin mayar da ita gida lafiya?

Sai kuma a binciki me ake faɗa a cikin wayar. Akwai wuraren da ke tallar aikin kula da abokan ciniki, alhali aikin shi ne kiran waɗanda suka ci bashin ruwa ta manhajar waya ana yi musu barazana da tonon silili, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta dira kan wasu kamfanonin bashi a 2022. A Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Legas bisa zargin damfarar mutanen ƙetare ta intanet, mafi yawansu matasan Najeriya ne da aka ɗauka aiki aka zaunar gaban kwamfuta. Albashin da aka samu ta riba ko caca ko yaudara ba shi da albarka komai kaurinsa.

Ƙasar Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga tunanin gina sana'a. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da marina da maɗinka da mahauta, cikin nauyin da ke wuyan shugaba, har da tabbatar da cewa kowane gari ya samu nasa. Wannan ne ma'aunin da muka gada, kuma kayan aikinsa na nan. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna a kasuwannin Turai tun zamanin fatauci ta Sahara, amma har yau yawancinta na barin jihar ne ba a mayar da ita takalmi ko jaka ba. Albasa na ruɓewa a hannun manoma saboda ƙarancin ma'ajiya. Madatsar ruwa ta Shagari na jiran a ci moriyarta yadda ya kamata da noman rani. Kamfanin siminti na Kalambaina, da aka kafa a shekarun 1960 kuma aka faɗaɗa shi a 2018 da 2022, shaida ne cewa masana'antar da ta dogara da arzikin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ba ta tashi ta bar mu dare ɗaya.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin Arewa, musamman ta Jihar Sakkwato, da su karɓi cibiyoyin amsa waya a matsayinsu na ƙari, su daina sayar da su a matsayin mafita. Duk kamfanin da aka ba fili ko gini ko rangwamen haraji da dukiyar jama'a, a bayyana yarjejeniyar: yawan ma'aikata, albashinsu, da shekarun da ya ɗauki alkawarin zama. Wutar lantarki da intanet da za a kai wa cibiyar, a kai su har wurin majema da masu niƙa da masu walda. Malamai a masallatan Juma'a na Bodinga da Yabo da Shagari su karantar da hukuncin ijara yadda suke karantar da hukuncin zakka, domin matasa su san haƙƙinsu kafin su sa hannu a takarda. Ɗalibin da ya samu aikin ya karɓa ya riƙe amana, amma ya ɗauke shi tsani: ya koyi lissafin kuɗi ko gyaran na'ura ko rubuta manhaja, abin da zai saura a hannunsa ranar da kwangila ta ƙare.

Idan mai neman ƙuri'a ya zo da labarin dubban ayyuka, a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, sannan a tambaye shi albashin da wa'adin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah Ya ba matasanmu abin yi na halal mai ɗorewa, Ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari.