Sola Ma Kiwo Take So

Yau ba zancen taki ko iri za mu yi ba. Zancen farantan nan ne masu kama hasken rana su mai da shi wutar lantarki, waɗanda kowa ke kira sola. Duk wanda ya ratsa fadamun Kura ko na Haɗeja da rani ya gan su a bakin rijiya suna ƙyalli.

Dalilin yawansu ba ɓoyayye ba ne. Ran 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Mai ban ruwa da injin fetur ya ga ribarsa tana ƙonewa cikin tanki, sai ya juya ga rana. Ni ma ina cikin masu ba da wannan shawara, har gobe kuwa ina ba da ita. Amma akwai wata magana da ke yawo a kasuwa wadda nake so mu kashe ta yau, watau wai sola da an kafa ta an gama, ba ta ci ba ta sha. Wannan ba gaskiya ba ne.

Bana da rani na je rangadi wani ƙauye inda wata ƙungiya ta kafa wa manoma famfo mai sola kyauta. An ce ranar buɗewa har rago aka yanka. Da na isa ban sami ko ɗigon ruwa ba. Tumatir ya yi yaushi, albasa ta kwanta. Suka ce mini injin ya mutu, wai kayan zamani ba su da ƙarko. Na hau na duba. Ƙura ta rufe farantan har mutum ya iya rubuta sunansa da yatsa, wata darbejiya ta miƙo reshe ta yi musu inuwa, ɓera kuma ya gwaigwiye waya guda. Na ce, "Wa ke wanke su?" Kowa ya dubi ɗan'uwansa. Can wani dattijo ya ce, "Malam, ai na waɗanda suka kawo ne, muna jira su zo." Gyaran nan duka bai ci kuɗin kwandon tumatir ɗaya ba, amma aikin rani guda ya tafi.

To, ashe ba injin ne ya mutu ba, mai shi ne babu. Farantin kirki yana kai shekara 25 yana aiki, ƙarfinsa na raguwa kaɗan kaɗan, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari kowace shekara. Amma wannan ga wanda ya kula da shi ne. Wanda ya sayi doki ya san ba ranar ciniki kaɗai zai kashe kuɗi ba, akwai harawa, akwai dawa, akwai kanwa. Haka sola take.

Na farko, wanki. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu yana sauke ƙura, ƙura kuwa tana tare haske. A wanke farantai aƙalla sau ɗaya a mako, in hazo ya yi yawa a ƙara. A yi da sassafe ko da yamma, gama in aka watsa ruwan sanyi kan gilashin da ya sha rana yana iya tsagewa. Ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi sun isa. Kada a sa toka, ko yashi, ko soson ƙarfe, kada kuma a bar yaro ya taka.

Na biyu, inuwa. 'Yan murabba'an da kuke gani cikin faranti a jere suke haɗe, kamar kwamin lambu da ke shan ruwa daga hanya ɗaya. In an toshe wuri guda, na gaba ma sun rasa. Saboda haka inuwar reshe ɗaya ko kashin tsuntsu yana rage wuta fiye da yadda ido zai zata, wani lokaci har wurin ya yi zafi ya ƙone. A nan ƙasar Hausa faranti ya fuskanci kudu, a ɗan jingine shi yadda ruwan sama zai gangara, a bar sarari ƙarƙashinsa iska ta ratsa, domin zafi mai yawa yana rage masa ƙarfi.

Na uku, waya da ƙarfe. Ɓera da gara da awaki duk abokan gaba ne. A sa waya cikin bututu, a kewaye wurin da shinge. Kafin iskar farkon damina a bi kusoshi a ɗaure su. A tabbata mai kafawa ya binne sandar ƙarfe ya haɗa ta da kayan saboda tsawa. Ku sani kuma muddin rana na sama akwai wuta cikin wayar nan, ko an kashe famfo. Wanda bai koya ba kada ya taɓa.

Na huɗu, famfo da batir. Famfo ya fi faranti saurin lalacewa. In ruwan rijiya ya ja baya yana juyi a bushe, sai ya ƙone, yashi kuma yana cin cikinsa. Kada kuma a ce tun da rana kyauta ce a bar shi yana zuba wuni guda. Ruwa ya yi yawa saiwa ta ruɓe, taki ya wanke, rijiyar maƙwabci kuma ta ƙafe. Masu sola a gida ko a kanti, batir mai ruwa yana son a riƙa duba shi ana ƙara masa ruwan batir, ba na rijiya ba, kada kuwa a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi. Ko an kula da shi, 'yan shekaru kaɗan yake yi a sake wani.

Nan ne muka zo ga babbar magana, watau kuɗi. Shawarata ita ce, kowane mai sola ya riƙa ware wani abu daga kuɗin da dā yake ba mai gidan mai, ya ajiye shi da sunan gyara. In famfon na taro ne, a zauna gaban mai unguwa a naɗa mutum ɗaya mai kula da shi, a yanka masa ladansa, kowane manomi kuma ya zuba abin da aka yanke bayan ya ɗebe amfani, a rubuta a littafi. Na san wani zai ce, "Malam, na sai da sa na sayi abin nan don in huta da biya, yanzu kuma ka ce in riƙa tarawa?" I, haka na ce. Ranar da famfo zai tsaya ba ya sallama, yakan tsaya ne sa'ad da tumatir ke fure, ba ka kuwa da kwana bakwai na yawon neman rance. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku ji tsoron Allah. Kada ku sayar da tsohon faranti da sunan sabo. Ku ba mai saye rasit da takardar alkawarin masu ƙerawa, ku nuna masa inda zai sami mai gyara da kayan gyara. Manomi shi ma ya tuna araha ba ta ado, ya adana takardun nan inda gara ba ta kaiwa, ya sa a rubuta masa lambar kowane faranti saboda ɓarayi.

Ku ma'aikatan ofis da ke raba irin waɗannan kaya, kada ku ɗauki hoto ku juya. Kafin ku miƙa, ku faɗa wa mutane a fili cewa nasu ne, ku rubuta sunan mai kula, ku sa a koya wa samari biyu na garin ƙananan gyare-gyare. In ba haka ba, shekara mai zuwa ku tarar an shanya kuɓewa a kai.

Gobe da asuba, kafin rana ta yi zafi, kowa ya ɗauki tsumma da bokiti ya je ya duba nasa. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.

Malamin Gona