Mariri a Cikin Raga

Akwai wani wa'azi da ya yaɗu a tarurrukan farkawa, kuma lokaci ya yi da za a ƙi shi a fili. Mai wa'azi zai buɗe Ishaya 51:20 a cikin tsohuwar fassarar Turanci ta King James, ta shekarar 1611, inda aka kwatanta 'ya'yan Urushalima da bijimin jeji a cikin raga. Sai ya ɗaga murya: "Kai bijimi ne! Maƙiya ne suka ɗaure ka! Yunƙura ka tsinke ragar!" Jama'a su ruɗe da sowa, daga nan a fito da man shafawa da ambulan.

Ya mai karatu, annabi bai faɗi haka ba.

Kalmar Ibrananci da ke wurin ita ce te'o. Sau biyu kaɗai ta fito a Littafi Mai Tsarki: a nan, da kuma Maimaitawar Shari'a 14:5, cikin jerin namun jeji masu tsabta waɗanda aka yardar wa Isra'ila ta ci, masu rababben kofato, masu tuƙa. Ta ba masu fassara wahala tun da. Yahudawan da suka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci kafin haihuwar Almasihu sun kira dabbar oriks a littafin Musa, amma da aka zo Ishaya sai aka rubuta kayan lambu da bai gama dahuwa ba! (Ban taɓa jin an yi wa'azin farkawa a kan wannan ba.) Yawancin fassarorin yanzu sun tsaya a kan dabba ta dangin barewa da gwanki, masana da dama kuma suna nuna oriks na hamadar Larabawa, ɗan'uwan abin da Bahaushe ke kira mariri.

Ka dubi wannan dabba da kyau. Fara ce, mai dogayen ƙahoni masu tsini, tana iya daɗewa ƙwarai ba ta sha ruwa ba. Ƙarfinta duka na sarari ne: gudu, jimiri, da ƙaho. To, jefa mata raga. Ƙahonin da take kāre kanta da su su ne farkon abin da zai sarƙe, kowace yunƙura kuma sai igiya ta ƙara matse ta, har ta gaji ta kwanta tana haki. A wannan hali annabi ya nuna mana ita. Samarin birnin sun suma, suna kwance a bakin kowace hanya. Wanda ya ce wa sumamme ya tsinke igiya, ba'a yake yi masa.

Ko da ma mun bar wa masu wannan wa'azi bijiminsu, sauran ayar ta ƙaryata su. Ba ta ambaci maye ko kishiya ko maƙwabci mai hassada ba. Ta ce samarin nan cike suke da hasalar Ubangiji da tsautawar Allahnsu. Aya ta 17 ta riga ta bayyana cewa daga hannun Ubangiji ne Urushalima ta karɓi ƙoƙon fushi ta shanye. I, rundunar Babila ce ta rushe garun ta ƙone Haikali, amma annabawa sun daɗe suna gargaɗi a kan gumaka da cin zalin marayu da gwauraye. Dabbar da ke cikin ragar mai tsabta ce, wato hukuncin ya sauka a kan jama'ar alkawari, masu hadaya da kiyaye idi.

Ga ɓarnar da wancan wa'azi ke yi. Mutum ya shigo sujada zunubinsa na cinsa, a sallame shi da sunan abokin gaba. Ya koma gida yana zargin gyatumarsa ko matar wansa, zumunci ya tsinke, tuba kuwa ba a ko ambace ta ba. Ba na cewa kowace wahala horo ce. Littafin Ayuba ya hana mu faɗin haka. Amma wannan aya ta horo ce, ba mu da izinin mai da ita ta kirari.

Karanta har aya ta 22 da ta 23. Maririn bai motsa ba. Ubangiji, wanda ke tsaya wa jama'arsa a shari'a, shi ne ya karɓe ƙoƙon daga hannun Urushalima, ya ce ba za ta ƙara sha ba, ya sa shi a hannun waɗanda suka tattake bayanta kamar hanya.