Bakteriya ba ta cin ƙarfe, a daina yaudarar mu

Kwanan nan ina ta ganin ana yaɗa wata magana a Facebook, wai kimiyya ta gama da matsalar gurɓataccen ruwan kamfanonin fata na Kano: a zuba bakteriya kawai, ta cinye dattin, shi ke nan. Jama'a, rabin gaskiya ce wannan, kuma ragowar rabin ne ke shiga cikinmu.

Gaskiya ne akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda abincinsu shi ne ƙazantarmu. Su ne ke ruɓar da ɓawon lemo ya koma taki. Har ɗanyen mai suna ci. Lokacin da jirgin Exxon Valdez ya malalar da mai a gaɓar Alaska a 1989, takin zamani aka watsa a bakin teku domin bakteriyar da ke wurin ta samu ƙarfi ta cinye man da sauri, kuma ya yi aiki. A ruwan jima ma za su iya da kitse, da jini, da tarkacen nama, da wani ɓangare na warin nan da duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa ya sani.

To amma jimar zamani ba da bagaruwa ake yinta ba, da gishirin kuromiyom ake yi. Kuromiyom ƙarfe ne. Babu halittar da za ta ci ƙarfe ya ɓace. Iyakar abin da bakteriya za ta yi shi ne ta juya shi daga siffa mai tsananin guba zuwa mai sauƙi, ko ta kama shi ya kwanta cikin laka. Yana nan daram. Dole wani ya kwashe lakar ya killace ta, kuma a nan kuɗin yake, a nan ake noƙewa.

Mun manta Zamfara ne? A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Ba bakteriya aka zuba a Bagega ba. Kankare ƙasar gidaje aka yi, aka kwashe, aka zuba sabuwa. Ko a ƙasar Ogoni, inda mai ne, abin da bakteriya ke iya ci, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 cewa ya yi gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati, na san yadda irin wannan magana ke ƙarewa: ɗan kwangila ya kawo jarkoki, a ɗauki hoto, a rufe fayil. Su kuwa halittun nan suna buƙatar tafki, da iska, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da ke auna ruwa kullum. In guba ta yi yawa, su ma mutuwa suke yi.

Ruwan Bompai ta rafin Getsi yake bi ya faɗa Jakara, ya nufi dam ɗin Wasai. A hanyar nan ake ban-ruwan latas da alayyafo da kabeji, mu saya mu kai wa iyali. Manomin ba shi da laifi, ruwan da ya samu ke nan.

Don haka tambayata ga hukumar NESREA da ma'aikatar muhalli ta jiha: kamfani nawa ne ke cire kuromiyom kafin ya saki ruwansa, kuma ina ake kai lakar? A fito da sunaye da sakamakon gwaji, mu gani.