Kowane Gida da Tiyarsa

 

A wannan fitowa muna so mu tattauna a kan wata irin gajiya da ta zama ruwan dare a gidajenmu, wadda ba a samun maganinta a wurin likita. Sai ka ga maigida yana da sana'arsa, uwargida tana da ƴar tata ta cikin gida, babu wanda ke kwance a asibiti, tukunya kuma tana hawa murhu kullum, amma fuskokinsu babu walwala. In ka bi diddigi sai ka tarar bashi ne ya hana su barci, ko fargabar wata hidima da ke tafe. In ka ƙara bincikawa kuma sai ka ga mafi yawan bashin nan an ci shi ne saboda idon jama'a, wato don kada a ce gidan wane sun kasa.

Kowace uwargida ta san tiyar da take auna hatsin gidanta da ita, ta kuma san kwana nawa buhu zai kai ta. Buhun gero mai kilo 100 yakan ɗauki tiya 40 ko kusa da haka. Gidan da ke cin tiya guda a yini zai yi kwana 40 da shi, wanda ke cin biyu kuwa kwana 20 ne rabonsa. Babu macen kirki da za ta auna tiya uku don kawai ta ga maƙwabciyarta ta auna uku. To, abin mamaki shi ne wannan hankali da ake yi wa hatsi, da zarar an zo maganar biki da suna da sutura sai a ajiye shi gefe, a ɗauko tiyar wani gida a auna da ita. Daga nan ne wahala take farawa.

Dattawanmu sun ga yadda abin hannu yake narkewa a dare ɗaya. Ranar 12 ga watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje, kamar magani da madara da atamfa, ya yi tashin gwauron zabo. A shekarar 2005, bayan fari da farin ɗango na daminar 2004, jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa suka shiga matsanancin ƙarancin cimaka. A 2023 kuma rufe iyakoki ya sa kayan masarufi suka yi tsada a kasuwannin Yamai da sauran garuruwa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta samun mutane ya ragu, amma lefe bai ragu ba, kayan ɗaki ba su ragu ba, anko ma sai ƙara yawa yake yi. Tun zamanin mulkin Seyni Kountché, wanda ya riƙe ƙasar Nijar daga 1974 zuwa 1987, hukuma ta yi ƙoƙarin taƙaita kuɗin aure, amma abin bai ɗore ba, domin doka ba ta shiga ɗakin amarya ta ƙirga kwanoni. Gyaran wannan al'amari daga cikin gida zai fito, kuma da ƙananan ɗabi'u na yau da kullum ake yin sa.

Abu na farko shi ne zaman lissafi tsakanin miji da mata. Gidaje da yawa suna tafiya a cikin duhu: matar ba ta san abin da mijin yake samu ba, shi kuma bai san nawa ake kashewa a cefane ba, sai kowa ya riƙa zargin ɗan'uwansa, ita ta ce rowa ce, shi ya ce ɓarna ce. Da za a keɓe rabin sa'a sau ɗaya a wata, bayan yara sun kwanta, a ɗauko littafi da alƙalami a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da rabin rigingimun gida sun mutu tun ba su kai kunnen surukai ba. Macen da ta ga gaskiyar aljihun mijinta da idonta ba za ta matsa masa a kan zanen da ya fi ƙarfinsa ba, namijin da ya san kuɗin mai da albasa kuma zai daina tambayar ina aka kai canji.

Abu na biyu shi ne a daina yin kamar hidimomin shekara baƙi ne da suka yi sallama da tsakar dare. An san lokacin azumi, an san tsakanin Ƙaramar Salla da Babba kwana 70 ne ko ƙasa kaɗan, an san shekarar Musulunci tana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, an kuma san makarantun boko suna komawa a watan Oktoba. Duk da haka sai a bari sai saura kwana uku a shiga kasuwar dabbobi, lokacin da rago ya fi tsada, a dawo da bashi. Wanda ya riƙa ajiye dala ashirin kullum, wato sefa 100, a shekara zai tara sefa 36,500, jika 36 da rabi ke nan, daga kuɗin da sau da yawa a goro da shayi da katin waya yake ƙarewa. Matan karkarar Maraɗi sun tabbatar da amfanin haka tun a 1991, lokacin da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da taimakon ƙungiyar CARE. Mata ne suke haɗuwa mako-mako, kowace ta zuba ɗan abin da ya sawwaƙa a asusu ɗaya, kuma wannan dabara da ta tsiro a ƙauyukanmu ta bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

A nan ya kamata mu tuna cewa addini bai ɗora mana abin da muke ɗora wa kanmu ba. A mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, wanda ba ya bukatar kuɗin dabbar don larurorin gidansa. Mafi ƙarancin sadaki kuma rubu'in dinari ne. Akwatuna bakwai na lefe da kujerun da suka cika ɗaki har babu wurin shimfiɗa tabarmar salla, mutane ne suka ƙirƙiro su. Budurwa nawa ce take zaune a gidan iyayenta, saurayi nawa ne yake yawo babu aure, alhali suna son juna kuma iyaye sun yarda, abin da ya rage kawai kayan da za a nuna wa ƴan kallo?

Abu na uku ya shafi manoma da masu saye a kaka. Bukukuwa sukan yi yawa bayan girbi, sai a buɗe rumbu a kai gero kasuwa a watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da ya fi araha, don a yi hidimar kwana biyu. In damina ta kama, a watan Yuli da Agusta, sai a koma wurin ɗan kasuwar nan a sayi geron da tsada, ko a karɓa bashi a kan amfanin gonar da ba a girbe ba tukuna. Bankunan cimaka da aka kafa a ƙauyuka da dama don wannan matsala aka yi su, amma bankin farko shi ne rumbun gida. A fitar da zakka, a ware abincin shekara da iri, abin da ya saura shi ne ma'aunin bikin. In ya isa shinkafa da nama, madalla. In fura da goro kawai ya isa, auren ya ɗauru kuma albarkarsa ba ta ragu ba.

Abu na huɗu shi ne koyon cewa a'a cikin ladabi. Yaya mace za ta yi anko biyar a wata biyu, ga na ƴar ƙawa, ga na ƴar maƙwabciya, ga na dangin miji, kowanne da kuɗin ɗinkinsa? Akwati ya cika da zannuwan da aka ɗaura sau ɗaya, kuɗin adashi kuma ya tafi. Babu laifi ki ce, "Yaya, Allah ya sanya alheri, zan zo in taya ki aiki, amma anko a wannan karon a yi mini afuwa." Ran farko za a yi gunaguni. Kafin a jima sai ki ga wasu matan sun bi sahunki, domin da ma kowace tana jiran wadda za ta fara ne. Masu bikin su ma su ji tausayin jama'a, su bar kowa ya zo da tufafin da yake da su.

Abu na biyar shi ne tsare ido. A da, mutum ba ya ganin sai abin da ke unguwarsu. Yanzu wayar salula tana kawo masa bukukuwan Kano da Dubai har kan gadonsa, ta Facebook da WhatsApp da TikTok. Ba a nuna masa bashin da aka ci, ba a nuna masa rigimar da ta biyo baya, ado kawai yake gani, sai ya wayi gari yana raina ɗakinsa da matarsa da abincin gidansu. Malamanmu sun daɗe suna tunatar da mu cewa a harkar duniya na ƙasa da kai ake dubawa, domin a san girman ni'imar da ake ciki. Gidan da ya saba ajiye wayoyi bayan sallar isha'i, aka zauna a tabarma ɗaya aka ci tuwo, kaka ta yi wa jikoki tatsuniya, uba ya tambayi yara abin da aka koya musu, aka kwanta da wuri don a tashi asuba da ƙarfi, wannan gida ya sami jin daɗin da ba a kashe masa ko dala ba.

Wataƙila wani zai ce, ashe rowa kuke koya mana, kuna so a yanke zumunci? Allah ya kiyaye. Marowaci yana da shi ya hana, mai wadar zuci kuwa ya san iyakar abin da yake da shi ne, ya bayar a inda ya dace. Hasali ma wanda ya rage kashe kuɗi don a gani, shi ne yake samun rarar da zai kai wa gwaggonsa da ke ƙauye, ko ya biya wa maraya kuɗin magani. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa. Gaisuwar mara lafiya da zaman makoki da taya aiki ranar biki sun fi zama a zuciya a kan turmin atamfa. Kuma ƴan'uwa nawa ne suka daina ziyartar juna don kawai suna jin kunyar zuwa hannu sake? A je haka nan, fuska ita ce tsaraba.

Ba mu ce a ɗauki waɗannan abubuwa duka a yini ɗaya ba. Kowane gida ya zaɓi guda, ya riƙe shi har ya zama jiki, sa'an nan ya ƙara wani. Iyaye mata su ne a sahun gaba wajen wannan gyara, domin su ne masu duba lefe da jeren ɗaki, kuma kalma ɗaya ta yabo ko ta gori daga bakinsu takan sauƙaƙa wa gida ko ta jefa shi cikin bashin shekara biyu. Iyaye maza kuma su daina ɓoye halin da suke ciki, limamai da masu unguwa su yaba wa wanda ya yi hidimarsa daidai ƙarfinsa a bainar jama'a, yadda yara masu tasowa za su gane cewa mutunci ne.

Allah ya ba mu wadar zuci, ya sanya albarka a cikin ɗan abin da muke da shi, ya biya wa masu bashi bashinsu, ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.