Dagwalon Kano Ba A Kano Yake Tsayawa Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana kan kogin da ya raine mu a nan Gashuwa.

Mahaifina masunci ne, a cikin kwalekwalensa na yi wayo ina kwarfe ruwa da ƙwarya. Idan ƙishirwa ta kama mu, kamfata kawai muke yi da hannu mu sha. To bara na je Kano, wani ɗan'uwana ya bi da ni ta bayan wasu masana'antun jimar fata. Na ga lambatu yana malalar da baƙin ruwa mai kumfa, warinsa sai da na toshe hanci da hannun riga. Gaba kaɗan wani bawan Allah ya dasa injin ban-ruwa yana shayar da latas da shi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin hanyar ruwan nan na san ta kamar yunwar cikina. Kogin Chalawa da dagwalon yake faɗawa ya haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Nguru, ya tarar da na Jama'are a kusa da mu. Daga nan Komadugu Yobe ya ɗauka, ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar, ya shayar da tattasan Diffa, sannan ya faɗa Tafkin Chadi. Kuromiyom ɗin da ake jima da shi kuwa ba ya ruɓewa; kwanciya yake yi a cikin laka, inda tarwaɗa take kiwo.

Ba yarjejeniya muka rasa ba. Tun 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi. A 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kogunan da suke tarayya a kansu bisa adalci, a 2012 kuma aka amince da kundin dokar ruwa na yankin tafkin. Sai dai galibin maganar da ke fitowa daga tarurrukan shugabanni kan yawan ruwa ce da tsaro. Haƙƙun, tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙafe ƙwarai, dole a yi kukansa. Amma ɗan ragowar da muke sha fa, wa ke duba lafiyarsa?

Wasu ma sun taɓa shiga irin wannan hali. A 1986 gobara ta tashi a wani rumbun sinadarai kusa da Basel a Suwizalan, guba ta kwarara cikin Kogin Rayin, kifi ya yi ta mutuwa har cikin Jamus. Shekara guda bayan haka ƙasashen da ke bakin kogin suka tsara shiri ɗaya, suka matsa wa masana'antu, har kifin samon da ya ɓace ya dawo. Su ma ba wai ba sa saɓani a tsakaninsu ba ne.

Roƙona ƙarami ne. A ware wuraren ɗibar ruwa a Wudil da Haɗeja da Gashuwa da Diffa, ma'aikatan Najeriya da Nijar su riƙa awo tare kowane wata, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Barbarci. Masana'antar da ba ta tace dagwalonta ba a rufe ta har sai ta gyara. Na san tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 dangantakar Abuja da Yamai ta yi tsami, amma don Allah kada a bari wannan ya shafi masu awon ruwa. Ƙanwata a tsallaken Diffa take aure, da ruwan kogin nan take dama wa 'ya'yanta kunu.

Wassalam.

Naka,
Ɗan masunta daga Gashuwa, Jihar Yobe