Filin lakwal: na ɗalibai ne kaɗai, ko na gari duka?

A garuruwanmu da dama an zagaye makarantu da katanga, ana garƙame ƙofa bayan tashi. Samari masu gudun safe da ƴan tamaula sun koma bakin kwalta, suna kauce wa ƴan kabu-kabu. Diraktoci na da hujjarsu: dabbobi, ɓarayin tebura, da masu mayar da bayan aji masai. Amma fa da kuɗin wa ake gina makarantun nan? Har da lanhon da muke biya, da gudummawar ƴan'uwa daga Kwatano da Legas. Mutanen Yamai na da filin Seyni Kountché, mu kuwa filin lakwal ne kawai. A ganinmu kwamitin COGES ya tsaida lokaci: a buɗe da asuba, bayan la'asar da ranakun hutu, samarin unguwa su ɗauki gadi da shara.