Tsadar buhu a teku take farawa

Nijar ba ta da gaɓar teku, amma shinkafar da ake ci a Yamai, fulawar burodin Maraɗi da takin zamanin manoman Tawa, galibinsu ta ruwa suke zuwa. Manyan jiragen dakon kaya ne ke kwaso su, irin waɗanda ake zuba wa alkama ko taki tsaba a ciki, dubban ton a tafiya guda. In tasha ɗaya ta tsaya a can, bayan 'yan makonni sai mu ji a aljihunmu.

Mun gani da idonmu. A Fabrairun 2022 yaƙi ya rufe tashoshin Yukren, ciki har da Odesa, alkama da taki suka yi tashin gwauron zabo a duniya. A Yulin 2022 aka ƙulla yarjejeniyar fitar da hatsi ta Baƙar Teku, Rasha ta fice daga cikinta ranar 17 ga Yulin 2023. Kwana uku bayan haka Indiya, wadda ta fi kowa sayar da shinkafa a duniya, ta hana fitar da farar shinkafa in ba basmati ba. Kafin watan ya ƙare, takunkumin CEDEAO ya toshe mana hanyar Kwatano, gadar Gaya da Malanbil ta rufe, kaya suka koma Lome, suna ratso Burkina da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, kuma duka a kan mai saye aka ɗora.

Abin takaicin shi ne yawancin wannan labari ba ɓoyayye ba ne. Kowane babban jirgi na ɗauke da na'urar AIS mai sanar da inda yake. A shafuka irin su MarineTraffic, da wayarka ma za ka ga jiragen da suka yi cirko-cirko a bakin Lome suna jiran layi. Manyan 'yan kasuwa na bin wannan kullum. Su sun san ranar da kaya zai yanke, talaka kuwa sai ya je shago ya tarar an ƙara jikka biyu. Wani ƙarin gaskiya ne, wani kuwa ɓoye kaya ne aka fake da teku. To ta yaya za ka bambanta in ba ka da labari?

Shi ya sa muke kira ga ma'aikatar kasuwanci da hukumar CNUT da su riƙa fitar da bayani kowane mako, da Hausa da Zabarmanci, a rediyo da intanet: jirage nawa suka sauke kayanmu, kwana nawa suka jira, motoci nawa ke hanya. A ajiye shi kusa da farashin da SIMA ke tattarowa a kasuwanni. OPVN ma da irin wannan bayani za ta cika rumbu kafin wuta ta kama.

Mu kuma matasa, datar da muke ƙonawa a TikTok, mu ware kaɗan. Ka duba tashar Lome da ta Kwatano, ka rubuta kuɗin buhu a unguwarku, ka turo mana. Ranar da aka ce maka "jirgi ne bai zo ba", ka tambaya: wane jirgi, a wace tasha, tun yaushe?